Ganyen shukokin ɗaki yana ƙonewa yana yin rawaya: in zuba khal a ruwan da nake ba su?

Wata Hajiya daga Madina, nan Akra, ta aiko da tambaya. Tana da tukwanen shuka tara a falo da baranda: fis lili biyu, dirasina ɗaya, fotos mai yaɗo, anturiyam, gadeniya ɗaya, sauran kuma moda ne da alobera. Tun da hunturu ya shigo bakin ganyen dirasina da na fis lili ke ƙonewa. Sabon tohon gadeniya yana fitowa fari-fari, jijiyoyinsa kaɗai ne kore. Ɗaya daga cikin fis lilin kuma ganyensa na ƙasa suna yin rawaya suna langaɓewa, duk da kullum tana ba shi ruwa. Idan famfo ya ɗauke, ruwan tanka take saya. Ta sayi abin awon pH, wato ma'aunin tsami, mai kama da biro, ya nuna mata 7.9, sai maƙwabciyarta ta ce ta riƙa zuba ruwan khal, wato binega, a cikin ruwan. Tambayarta ita ce cokali nawa za ta zuba.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ki ajiye kwalbar khal ɗin nan tukuna. Abin da kika bayyana cuta uku ne daban-daban, kuma a cikinsu gadeniya kaɗai ce ciwonta ya shafi pH. Sauran biyun, khal ba zai taɓa su ba, dirasina ma ƙara mata ciwo zai yi. Na shekara da shekaru ina aikin renon shuka a tukwane tsakanin Kumasi da Akra, kuma mafi yawan tukwanen da aka kawo mini a kan wai ruwa ne ba shi da kyau, da na zare shukar sai in tarar matsalar tana ƙasan tukunya.

Bari in fara da fis lilin da ke langaɓewa, don shi ne ba zai jira ki ba. Yau ɗin nan ki kifa tukunyar a tafin hannunki, ki zare shi da ƙasarsa gaba ɗaya, ki duba saiwar. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, tana da ƙarfi, ƙanshinta na jiƙaƙƙiyar ƙasa ne. Kwanakin baya a wani gida a Nima na zare irin wannan shuka, sai warin kwata ya buge ni tun kafin in ɗago ta. Saiwar ta koma ruwan ƙasa, da na kama ɗaya da yatsu biyu na ja, sai fatar ta saluɓe ta bar wani siririn zare a tsakiya. Matar gidan kullum da safe sai ta ba ta ruwa, saboda tana ganin ganyen a langaɓe tana zaton ƙishi ne. Ƙishin kuwa gaskiya ne, amma ba don babu ruwa ba: saiwa tana numfashi, idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki iska ba ta shiga, saiwar ta shaƙe ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya ɗaukar ruwa zuwa ganye. Baƙar ƙasar nan da ake sayarwa a buhu a bakin titi tana ƙara dagula lamarin, don idan aka zuba ta zalla a tukunya takan danƙare kamar tuwon da ya kwana. In haka kika tarar, ki yanke duk saiwar da ta yi laushi da almakashi mai tsabta, ki sake dasa shi a ƙaramar tukunya mai huji a ƙasa, ki gauraya ƙasar da garin ɓawon kwakwa da ɗan yashi mai tsakuwa ko ɓuntun shinkafa. Daga nan kada ki sake ba shi ruwa sai kin cusa yatsa har gaɓa ta biyu kin ji wurin ya bushe. Farantin da ke ƙarƙashin tukunya kuma ki riƙa zubar da ruwan da ya taru a cikinsa.

Yanzu ga yadda ake karanta ganye, don gobe ki iya da kanki. Tambayar farko kullum ita ce: wane ganye ne ya fara, tsoho na ƙasa ko sabo na sama? Akwai abincin da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabon toho idan ya yi mata ƙaranci, kamar naitirojin da fotasiyam da maganiziyam. Shi ya sa ƙarancinsu a tsohon ganye yake fara bayyana. Na naitirojin, ganyen gaba ɗaya ne ke koɗewa ya yi rawaya har jijiyoyin. Na maganiziyam, tsakanin jijiyoyi ne ke yin rawaya, su jijiyoyin su zauna kore. Na fotasiyam, gefen ganyen ne ke ƙonewa ya zagayo. Akwai kuma wanda in ya shiga ganye ya shiga ke nan, shuka ba ta iya ɗauko shi, kamar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Su a sabon toho ake ganin ƙarancinsu. Gadeniyarki tsoffin ganyenta kore ne shar, sababbin ne ke fitowa fari-fari da koren jijiyoyi kamar an zana musu raga. Wannan yunwar ƙarfe ce, ba ko shakka.

Sai dai ba wai babu ƙarfe a ƙasar ba ne. Jar ƙasar da muke takawa a Gana ƙarfe ne ya ba ta wannan launi. Abin da ke faruwa shi ne idan pH na ƙasar tukunya ya haura, ƙarfen yakan daina narkewa, ya koma irin wanda saiwa ba ta iya sha. Abinci na nan a tukunya amma an rufe shi. Ki lura da shingen iksora, furen nan ja mai cunkoso da ake dasawa a gaban ofisoshi da gidajen mai. Sau da yawa za ki ga wanda ke jikin katangar siminti ko bakin kwalbati samansa ya yi fari, na tsakiyar fili kuwa kore ne, alhali ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne. Farar ƙasar da ke cikin siminti ce ke zubowa tana kashe tsamin wurin. Iksora da gadeniya dangi ɗaya ne, dukansu masu son tsami. Don haka ki duba: idan gadeniyar tana cikin tukunyar siminti irin waɗanda ake jerawa a bakin hanya, ko kina zuba mata toka, ko ɓawon ƙwai, ko kashin kajin gidan gona masu ƙwai, to kin samu rabin amsar tun kafin mu zo kan ruwa.

Shi pH ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Bakwai ce tsakiya. Ƙasa da bakwai ɓangaren tsami ne, na lemun tsami da tsamiya. Sama da bakwai ɓangaren kanwa ne da toka da sabulu. Kowace lamba ɗaya ninki goma ce, wato ruwa mai 6 ya fi mai 7 tsami sau goma, mai 5 kuma sau ɗari. Yawancin shukokin ɗaki sun fi jin daɗi idan ƙasar tukunyarsu tana tsakanin 5.5 da 6.5. Gadeniya tana son ƙasa da haka kaɗan, 5 zuwa 6. Moda da alobera ba ruwansu sosai, kusan duk inda aka ajiye su za su rayu.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata hanya, har da wasu masu sayar da shuka. Lambar 7.9 da biron nan ya nuna miki ba ita ce abin tsoro ba. Duk macen da ta taɓa kashe tsamin miya da kanwa ta san cewa ruwan kanwa iri-iri ne: akwai wanda aka jefa ɗan ƙwaya ɗaya a cikin kwano, akwai wanda aka jiƙa dunƙule guda. Dukansu ruwan kanwa ne, amma na farko cokali goma ba zai yi abin da cokali ɗaya na biyun zai yi ba. Haka ruwan sha yake. Akwai narkakken sinadari a cikinsa da ake kira baikabonet, ɗan'uwan abin da ke cikin kanwa da bakin soda, kuma yawansa ne ke nuna ƙarfin ruwan wajen kashe tsamin ƙasa. Masana suna kiran wannan ƙarfi alkaliniti. Ruwa na iya nuna 8 amma baikabonet ɗinsa kaɗan ne, da ya taɓa ƙasar tukunya sai ya bi ta, ba abin da zai canza. Wani ruwan kuma ya nuna 7.3 amma cike yake da shi, kowace ban-ruwa kamar kin barbaɗa farar ƙasa ne a tukunyar, bayan wata uku ko huɗu sai ki ga toho ya fara fari. Biron pH ba ya gaya miki wannan. Abin da ke gaya miki shi ne ɗan kwalaben awon KH da ake samu wurin masu sayar da kifin ado: ana ɗiga maganin a cikin ruwa mililita 5 ana ƙirgawa har launin ya juya, kowane ɗigo ɗaya daidai yake da kusan miligiram 18 a lita. Ɗigo uku zuwa biyar, ruwan ba shi da laifi. Daga takwas zuwa sama, zai riƙa tura pH na tukunya sama a hankali.

Kuma a Akra ba ruwa ɗaya muke sha ba. Na famfo daga Weija yake zuwa, kan kogin Densu, ko daga Kpong, kan kogin Volta. Ruwan kogi ne, gishirinsa ba yawa, kuma da gangan ake daidaita shi ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5 don kada ya ci bututu. Yawanci shuka ba ta da matsala da shi, sai dai ki bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana don warin kilorin ya fita. Ruwan tanka kuwa ba ki san daga ina aka ɗebo shi ba. Wani na famfo ne, wani na rijiyar burtsatse, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da dama na filin Akra zartsi ne, musamman ta wajen bakin teku. Idan kuma a tankin siminti ake adana shi, musamman sabo, simintin ma yana ƙara masa kanwa.

Wannan zartsin nake zargi a kan ƙunar bakin ganyen dirasina da fis lili. Shuka na jan ruwa zuwa ganye, ruwan ya fice ta iska, gishirin ya tsaya, kuma inda ya fi taruwa shi ne can ƙarshen ganye. A hunturu iska ta bushe, ganye na fitar da ruwa fiye da kullum, famfo ya fi ɗaukewa, an fi sayen tanka. Abubuwa uku sun haɗu a lokaci ɗaya. Ki duba saman ƙasar da bakin tukunyar da gefen hujin ƙasa, za ki iya ganin wani farin ɓawo. Ki kankaro kaɗan a faranti ki ɗiga masa khal ɗin nan. In ya yi kumfa yana tsuwa, farar ƙasa ce daga ruwa mai nauyi, irin wadda ke kama cikin butar dafa ruwa. In bai yi kumfa ba, ruwa zalla ma ya narkar da shi, to gishiri ne, ko na zartsi ko na takin zamani da ya yi yawa. Akwai wani biron mai suna TDS, mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, ya fi na pH araha kuma ya fi shi amfani a garin nan. Idan ruwa ya nuna ƙasa da 300, ki yi amfani da shi hankali kwance. Daga 500 zuwa sama, dirasina da fis lili da anturiyam za su fara nuna miki a bakin ganye. In ya kusa 1000, ki bar shi don wanki. Ki sani khal ba ya cire gishiri, tafasawa ba ta cire shi, barin ruwa ya kwana ma ba ya cire shi. Maganinsa biyu ne: a wanke ƙasar, a canza ruwan. Ki fitar da tukunyar tsakar gida, ki zuba mata ruwa mai daɗi a hankali kamar ninki biyu ko uku na girmanta, ki bar shi ya zube ta ƙasa. Sau ɗaya a wata a lokacin rani ya isa.

Ita dirasina tana da wani abu nata: ba ta jure sinadarin fuloraid, wanda ake samu a wasu ruwan rijiya da kuma takin sufafosfet, kuma idan ƙasa ta yi tsami ya fi saurin shiga saiwarta. Shi ya sa masu renonta ke riƙe ƙasarta a 6 zuwa 6.5, ba sa bari ta sauka. Da kin bi shawarar khal kin zuba wa kowa da kowa, da garin neman gira an rasa ido.

Ruwan da ya fi kowane ga waɗannan shukoki kyauta ne. Ruwan sama pH ɗinsa kusan 5.6 ne, ba gishiri, ba kanwa. Idan damina ta kama daga Afrilu zuwa Yuli, da ƙaramarta ta Satumba da Oktoba, ki bar na farko ya wanke ƙurar kwano, sannan ki tara a durom mai murfi saboda sauro. Tukwane tara ba su da ci. Durom ɗaya zai kai ki nesa. A rani kuma, ruwan da ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki kusan tataccen ruwa ne, ki sa masa bokiti. In ma bai isa ba, ki haɗa shi rabi da rabi da na tanka, gishiri da baikabonet duk sun ragu da rabi ke nan ba tare da kin zuba komai ba. Abu ɗaya dai, irin wannan ruwa ba abinci a cikinsa, don haka sai kin riƙa ba su taki mai narkewa wanda ke da kalsiyam da maganiziyam, rabin abin da aka rubuta a jikin leda, sau ɗaya a mako biyu ko uku.

Kafin ki gyara ruwa, ki auna tukunyar kanta, don ita ce saiwa ke zaune a ciki. Ki ba gadeniya ruwa kamar kullum, ki jira awa ɗaya, ki sa faranti mai tsabta a ƙarƙashi, ki zuba ruwan sama ko na leda kamar rabin kofi a hankali har ki tara abin da zai rufe bakin biron. Wannan ruwan za ki auna. Biron kuma sai an saita shi da garin nan biyu da ke zuwa a cikin kwalinsa, mai 4.01 da mai 6.86, in ba haka ba lambar da yake nunawa ba abin dogaro ba ce. Mai ƙafafun ƙarfe da ake cakawa a ƙasa, ni ban yarda da shi ba, takardar awo mai canza launi ta fi shi gaskiya.

To, in tukunyar gadeniya ta nuna 7 ko sama, awon KH kuma ya nuna ɗigo takwas ko fiye, nan ne tambayarki ta cokali ta samu wuri. Na fi son garin sitirik asid, farin garin nan mai tsami da ake samu wurin masu sayar da kayan haɗa lemo da kek, don ƙarfinsa ba ya canzawa daga leda zuwa leda. A lissafi, kusan giram ɗaya da rabi a lita 20 yana kashe miligiram 50 na alkaliniti a kowace lita. In khal ne mai kashi 5 cikin ɗari, babban cokali ɗaya da rabi ne ke yin wannan aiki. Ki ɗauki jarkar nan rawaya da muke kira galan ɗin Kufuor, ki tabbatar ko mai lita 20 ce ko 25, ki fara da rubu'in ƙaramin cokali na garin, ki girgiza, ki jira rabin awa, ki auna. Ki ci gaba da ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya tsaya wajen 6, kada ya gangara ƙasa da 5.5. Ki rubuta adadin a jikin jarkar. Amma duk ranar da aka kawo sabuwar tanka sai kin sake aunawa, don adadin da ya dace da ruwa mai nauyi zai iya jefa ruwa mara nauyi har 4, wannan kuwa ƙona saiwa zai yi. Kuma ki haɗa wanda za ki ƙarar a ranar, saboda ƙwayoyin halitta suna cinye irin wannan tsami, bayan kwana biyu ko uku lambar ta sake hawa. Ruwan batir kada ki kusance shi ko da wani ya ce manyan gonaki da asid suke aiki. Na tsohon batir akwai dalma a cikinsa, ga haɗari ga ido da yara. Alif ɗin da ake jefawa don ruwa ya kwanta shi ma yana saukar da pH, amma alminiyam ɗin da ke cikinsa guba ne ga saiwa idan ƙasa ta yi tsami sosai, don haka ban ba ki shi a matsayin magani ba.

Saukar da pH na ƙasa yana ɗaukar makonni. In kina son gadeniyar ta farfaɗo da wuri, ki nemi takin ƙarfe a shagon kayan gona, ki karanta jikinsa. Mai rubutun EDTA ba ya aiki sosai idan ƙasa ta haura 6.5. Mai EDDHA, wanda ke rina ruwa ja kamar sobolo, yana aiki har a ƙasa mai kanwa. Tsohuwar ƙusa mai tsatsa da ake binnewa a tukunya ba ta yin komai, don tsatsa ita ce ainihin irin ƙarfen da saiwa ba ta iya sha. Idan kuma tukunyar ta siminti ce, mayar da ita ta roba ko ta yumɓu da sabuwar ƙasa ya fi duk wannan sauƙi. Garin ɓawon kwakwar da za ki gauraya, ki jiƙa shi ki tsiyaye sau uku tukuna, don ɗanyensa yana ɗauke da gishiri.

'Yan'uwa na Kumasi da za su karanta wannan, ku yi hankali, naku sau da yawa akasin haka ne. Famfonku daga Barekese da Owabi yake, ruwan rijiya kuma a yankin daji yakan zama mai tsami tun daga ƙasa, wani ma ƙasa da 6. Wanda ke Aboabo ko Asawase ya ɗauki shawarar khal ya ƙara a kan wannan, zai ga tsoffin ganye suna fitar da ɗige-ɗige ruwan ƙasa, sabon toho yana nannaɗewa, saiwa ta gajarce. In tukunya ta nuna ƙasa da 5, ƙaramin cokali ɗaya na garin dolomait, wato wani irin farar ƙasa mai kashe tsami, a tukunya mai cin lita 3 ya isa, a jira wata guda a sake aunawa. Kanwa kada ta shiga tukunya ko kaɗan, sodiyam ce cike da ita.

Sauran abu ɗaya, Hajiya, tunda hunturu ne: ki juya bayan ganyen ki duba a haske. In kin ga ƙananan ɗigo fari-fari kamar an tsira allura, da siririyar yana a hammatar ganye, to ƙwaron nan ne mai kama da ƙaramin gizo-gizo da ke son busasshiyar iska da ƙura. Ki wanke ganyen gaba da baya da ruwa, ki fesa man darbejiya da ɗan sabulu da yamma, ki maimaita bayan mako guda har sau uku. Faffaɗan tabo busasshe a gefen da ke kallon taga kawai ƙunar rana ce, ki ja tukunyar baya. Wadda ke daidai bakin iskar na'urar sanyi ma ki matsar da ita.

Bakin ganyen da ya riga ya ƙone ba zai sake kore ba. Ki datse shi da almakashi ki bar ɗan siririn layin ƙunar, kada ki yanka cikin koren. Ki ɗaura zare a gindin ganyen da ya fi kowane sabunta a kowace tukunya yau, don ki san daga ina za ki fara duba. Ganye biyu ko uku da za su fito bayan zaren, nan da mako huɗu zuwa shida, su za ki ɗauka hoto ki aiko mini, tare da lambar TDS ta tankar da kika saya a ƙarshe da abin da tukunyar gadeniya ta nuna.